Ɗaki baya kwantuwa: tambayoyin da ake yawan yi min kan zafin gida a Accra da yadda ake auna shi da kwamfuta

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk shekara da zarar hunturu ya ja baya, daga Fabrairu zuwa Afrilu, magana ɗaya ce a Nima da Mamobi da Sabon Zango har Madina, wai ɗaki baya kwantuwa. Ni aikina zanen gini ne, kuma a cikin aikin akwai lissafa zafin gida a kwamfuta tun kafin a aza bulo, shi yasa ko a masallaci ko wajen suna sai an tare ni da tambaya. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, yadda ake min su.

Injiniya, gidan da ba a gina ba, ta yaya kwamfuta zata san zafinsa?

Gidan ake sake ginawa a cikin kwamfutar, ɗaki ɗaki. A faɗa mata tsawo da faɗi da tsayin silin, bango bulo ne mai inci 5 ko 6, kwanon wane iri ne kuma wane launi, taga nawa, ina take kallo, mutum nawa ke kwana a ciki, ƙarfe nawa ake dafa abinci, yaushe ake buɗe taga yaushe ake rufewa. Sai a ɗora mata fayil ɗin yanayin garin, wanda ke ɗauke da zafin waje da laimar iska da ƙarfin rana da inda iska ke busowa na kowace awa a shekara, awa 8,760 kenan. Ita kuma sai ta bi awa bayan awa tana lissafa zafin da ya shiga da wanda ya fita, a ƙarshe ta ce maka ɗakin kwanan da ke yamma zai kai digiri kaza ranar kaza da la'asar, kuma awa kaza a shekara zai wuce abinda jiki ke ɗauka.

Daɗin abin shine gwaji. In na ga ɗakin yayi zafi sai in canja launin kwano in sake lissafi, in ƙara taga a bangon baya in sake, in ja baranda ta rufe gilashi in sake, duk ba a sayi buhun siminti ko ɗaya ba. Manhajar da aka fi sani ita ce EnergyPlus, ta ma'aikatar makamashi ta Amurka, kuma kyauta ce, akwai kuma na kuɗi irinsu DesignBuilder da IES VE.

Me zan kawo maka in ina so ayi min?

Zanen gidan, da inda filin yake, da hoton abinda ke kewaye da shi, musamman in akwai bene a gefe. Sai gaskiya. In mutum takwas zasu kwana a ɗakin kar ka ce min biyu, in kun saba rufe taga da magariba saboda sauro ka faɗa min haka.

Wai daga ina zafin nan yake shigowa ne? Ni dai na ga ko'ina zafi ne.

A gidan da ba bene ba, daga sama. Mu nan muna kusa da tsakiyar duniya, Accra bata kai digiri 6 arewa da layin da ya raba duniya biyu ba, dan haka da tsakar rana rana tana kusan tsaye ne a kan rufi. In sama ta washe, kowane murabba'in mita na kwano yana karɓar kusan wat 1,000. Ɗauki ɗakin nan namu na ƙafa 12 da 12, wajen murabba'in mita 13 kenan, kaga kamar an jera ayan guga 13 a kan kwanon an kunna su gaba ɗaya. Ba duka ke sauka cikin ɗaki ba, iska na kwashe wani, amma kwano mai duhu ko wanda yayi tsatsa yana shanye mafi yawansa har ya kai digiri 60 zuwa 70, kuma in babu silin, ko silin ɗin siririn falanki ne, to kai tsaye yake gasa maka kai.

Nan ne mutane ke rikicewa da ma'aunin zafi. Zaka ga ya nuna 32 a ɗaki, a gindin bishiya ma 32, amma ɗaya zaka iya barci ɗaya kuma baza ka iya ba. Dalili shine jiki ba zafin iska kaɗai yake ji ba, yana jin hucin da silin da bango ke watso masa. Shi yasa a lissafi ba zafin iska muke dubawa ba, muna haɗa shi da zafin bango da silin da ƙasa mu ɗauki tsakiya.

Bayan rufi sai tagar yamma, sai mutane kansu, kowane babba a zaune yana fitar da kusan wat 100, sai firij da talabijin da kurfoti in ana girki a bakin ƙofa.

Toh me yasa ya fi tsanani da dare, bayan rana ta faɗi tuntuni?

Taɓa bangon yamma bayan isha'i ka ji. Bulon siminti yana shan zafi tun azahar, ya riƙe, sai bayan wasu awanni ya fara sakinsa ciki, daidai lokacin da aka rufe ƙofa aka kulle taga aka sa labule, mutum biyar ko shida suka shige. Waje ya fara sanyi, ciki kuma yanzu ya fara nasa. Ga kuma matsalar garin namu, a Accra daren baya sauka sosai, a watan Maris rana 32 ko 33, dare kuma 25 ko 26, ga laima, zufa bata bushewa. Wannan ne yasa zaka ga samari sun shimfiɗa tabarma a tsakar gida ko a baranda har asuba, sauro na cinsu sun gwammace.

Ni a wajena duk lissafin da bai nuna min ɗakin kwana daga ƙarfe 10 na dare zuwa asuba ba, bai yi aiki ba. Zafin rana ana iya guje masa, a fita waje, a tafi kasuwa. Na dare babu inda za a je.

Digiri nawa ne ake cewa yayi yawa? Ɗana da ke Ingila ya ce akwai doka.

Gaskiya ya faɗa Alhaji, amma dokarsu ce. A Ingila tun watan Yuni na 2022 sabbin gidajen zama sai sun cika wani sashe na dokar gini da ake kira Part O, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin lissafin da aka yarda da su ita ce TM59 wadda ƙungiyar injiniyoyi ta CIBSE ta fitar a 2017. Sharaɗi biyu ne manya. Na farko, daga Mayu zuwa Satumba kada falo ko kicin ko ɗakin kwana ya zarce iyakar jin daɗi da digiri 1 ko fiye a sama da kashi 3 cikin 100 na lokacin da mutane ke ciki. Na biyu, ɗakin kwana daga 10 na dare zuwa 7 na safe kada ya wuce digiri 26 fiye da awa 32 a shekara.

Toh kawo wannan 26 ɗin Nima a watan Maris, iskar waje ma kanta ta kai hakan, kenan duk gidan da babu esi ya faɗi tun kafin a fara, har gidan da aka zana da kyau. Kuma cikin watannin da suke aunawa akwai Yuli da Agusta, waɗanda su ne mafi sanyi a wajenmu. Tsarin tunanin yana da kyau, a ƙirga awanni ɗaki ɗaki, a ware dare daban, wannan muna ɗauka. Lambobin ne bama kwafa.

Abinda ya fi dacewa da mu shine lissafin ASHRAE 55, wato ƙa'idar wata ƙungiyar injiniyoyi ta Amurka, na gidan da iska ke shiga da kanta, wanda ya yarda cewa jiki yana sabawa da garinsu. Ana ninka matsakaicin zafin waje da 0.31 a ƙara 17.8. In matsakaicin 28 ne, zai baka wajen 26.5, sai a ƙara 3.5, iyakar da yawancin mutane zasu iya zama lafiya ta zama kusan 30. In kuma iska na kaɗawa a jiki, ko ta taga ko ta fanka, ana ƙara digiri 1 zuwa 2 a kai. Kaga kenan manufarmu ba ɗaki ya koma firij bane, a'a, ya tsaya kusa da zafin inuwar waje, iska kuma ta riƙa ratsawa.

Luba ko silaidin? Hajiya ta ce luba tsohon yayi ne.

A gaishe min da Hajiya, amma a nan ina bayan luba. Tagar silaidin komai girmanta rabi kawai take buɗuwa, ɗaya rabin gilashi ne da ke shigo da rana baya shigo da iska. Luba kuwa kusan duk faɗinta iska ce, zaka iya karkata ta ana ruwa baka rufe ba, kuma da dare zaka bar na sama a buɗe ka rufe na ƙasa saboda idon mutane. Na sha ganin gida a zango an cire luba an sa silaidin mai baƙin gilashi ana shirin biki, bayan wata biyu ana neman kuɗin esi. Baƙin gilashin nan ma yana shan zafi ne ya watso wani ciki, ba kamar inuwar da aka yi daga waje ba.

Laifin luba ƙura lokacin hunturu, da kuma yoyon sanyi in ɗakin na esi ne. In har ɗakin kullum da esi zai zauna, to nan silaidin ko taga mai marfi ta fi. Kuma a tuna da ragar sauro, tana rage iska sosai, in ƙura ta toshe ta kuma sai ta zama kamar bango, a riƙa wanke ta.

Ina ya kamata tagogi su kalla?

Kudu da arewa. Daga wajen Afrilu zuwa farkon Satumba rana tana bi ta arewa da mu, sauran watanni ta kudu, amma ko ta ina tana sama sosai, dan haka kwanon da ya zarce bango da ƙafa 2 ko 3, ko ƙaramar baranda, ya isa ya yiwa waɗannan bangayen inuwa. Gabas da yamma ne ciwon kai, ranar tana ƙasa ƙasa tana leƙowa ta ƙarƙashin kowace rumfa. Gilashi fari mai murabba'in mita ɗaya da rabi da ke kallon yamma yana iya zuba wat 600 ko fiye a ɗaki da la'asar, daidai da ƙarin mutum shida. Dan haka a yamma ake sa banɗaki da sito da matakala, ba ɗakin kwanan tsohuwa ba.

Sa'armu kuma, iskar Accra galibin shekara daga kudu maso yamma take zuwa, daga teku, to taga a kudu da wata a arewa sun isa ta shiga ta fita. Abin lura, kar ka auna gabas da alƙibla, alƙiblarmu ta karkata arewa, ka duba kamfas ɗin wayarka.

Ni ɗan haya ne, cemba an hol, wato ɗaki da falo, a gidan mutane da yawa, taga ɗaya ce kuma gefen ƙofa take. Ni me zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, saboda yawancin mutanenmu a nan suke, kuma su ne ba a zana gida dominsu. Ɗakin da taga da ƙofa ke bango ɗaya iska bata da mafita, tana zuwa bakin taga ta tsaya. Bangon baya kuwa ko na maƙwabci ne ko lungu ne mai kwata.

Fara da abinda baya buƙatar izinin kowa. Ƙofar raga mai ƙarfe, yadda zaka bar ƙofar katako a buɗe da dare ba tsoron ɓarawo ko sauro. Inuwa daga waje, ko asabari ko tabarma ko buhu a rataye tazarar hannu daga tagar, ya fi labule mai kauri a ciki nesa ba kusa ba, saboda labule sai zafin ya riga ya shigo yake tare shi. Bayan magariba ka ajiye fanka a bakin taga tana kallon waje ta tura zafin ɗaki, iska mai sanyi zata biyo ta ƙofa, mutane da yawa suna juya ta ciki suna ta gauraya zafi ɗaya. Firij ka matsar da shi falo in da hali, bayansa hita ce. Kwan fitila in tsohon mai zafin nan ne na wat 60 ka canja da LED na wat 9. Girki a waje, dama gawayi a rufaffen ɗaki kisa yake.

Sai abinda ke buƙatar maigida: huda bangon baya can sama kusa da silin a sa bulo mai huji da raga, ko luba biyu uku, zafi sama yake taruwa, yana samun ƙofa zai fita. Da farar ƙasa a kwano. Ka same shi da ladabi, Baba ga abinda nake so in yi da kuɗina, in ya yarda a cire a haya to ku rubuta a takarda da shaidu, tunda kowa ya san yadda ake karɓar kuɗin shekara ɗaya ko biyu a gaba duk da dokar haya ta 1963 wata shida ta ce. In ku 'yan hayan kuka haɗa baki aka shafe kwanon layin gaba ɗaya ya fi sauƙi, kuma maigida ya fi saurin yarda.

Da gaske shafa wa kwano fari yana aiki, ko talla ce?

Yana aiki, kuma a duk gwajin da nake yi a kwamfuta na gida mai kwano ba silin kirki, shi ke fara bada riba a kuɗi kaɗan. Farin rufi sabo yana mayar da kashi 60 zuwa 80 na hasken rana, mai duhu kuwa bai fi 10 zuwa 20 ba. Birnin Ahmedabad na Indiya, da ya fara shirin yaƙi da zafi a 2013, ya shafe rufin dubban gidajen talakawa da farar ƙasa da farin fenti saboda wannan dalilin. Sai dai ƙurar hunturu da hayaƙi suna dusashe shi, farar ƙasa kuma ruwan Yuni zai wanke ta, dan haka aikin Janairu ne duk shekara, fenti na musamman ya fi daɗewa amma da tsada. A kankare tsatsa tukunna.

Gargaɗi ɗaya: in rufin tsohon asbesto ne, irin mai toka-tokan nan na gidajen da, kar a kankare kar a fasa, ƙurarsa na kawo ciwon huhu mai kisa.

Ina gini a Kasoa, ina so a min ɓoyayyen rufi da POP irin na yanzu. Akwai matsala?

Akwai. Ɓoyayyen rufin nan da ake ɗaga bango ya ɓoye kwano yana da kyau a hoto, amma ya kashe abu biyu lokaci ɗaya: bango ya rasa inuwar kwano, rana na dukansa daga sama har ƙasa, sannan tsakanin kwano da silin babu inda iska zata shiga, wurin ya zama tanda. POP kuma ado ne, siririn allo baya tare zafi sosai. Bana magana a kan yoyo ma, wannan tambayi duk wanda ya yi damina biyu a ƙarƙashinsa.

In dole sai shi, to a sa kwano mai haske, a shimfiɗa takardar alminiyom mai ƙyalli a ƙarƙashinsa da tazarar iska, don in ta manne da wani abu ta daina aiki, a ɗora audugar gilashi ko makamancinta mai kauri santimita 5 zuwa 10 a kan silin, a bar ƙofofin iska da raga a bangon sama, a yiwa kowace taga rumfarta. Wasu na jera farin soson kwalin firij a kan silin, yana tare zafi kam, amma yana cin wuta da hayaƙi mai guba, ga wayoyin lantarki a wurin, ban yarda da shi a buɗe haka ba.

Dekin, wato rufin kankare, da aka bari tsirara ana jiran kuɗin bene na gaba, shi ya fi kowa mugunta da dare. Ko rumfar kwano ce a kafa masa, ko a shafe shi fari kafin Allah ya hore.

Kakanninmu a ginin ƙasa suke, kuma sanyi ƙalau. Mu koma ne?

A Tamale da Wa da Bolga, inda rana ke kaiwa 38 ko 40 amma iska busasshiya ce kuma dare na sauka sosai a wasu watanni, bango mai kauri na ƙasa yana da hikima, ya sha sanyin dare ya raba maka da rana. A bakin teku tazarar rana da dare bata fi digiri 7 ko 8 ba, to babu sanyin kirki da bangon zai tara. A nan inuwa da iska sun fi kauri muhimmanci. Bulon jar ƙasa da aka matse yana da kyau kuma yana rage siminti, cibiyar binciken gini da hanyoyi ta BRRI da ke Fumesua kusa da Kumasi ta daɗe tana aiki kan kayan ginin gida, amma ko da shi sai an yi masa inuwa an buɗe taga biyu. Kuma a tuna gidan kakan yana da bishiya a tsakar gida, rufin ciyawa ne, ba maƙwabci manne da bango ta kowane gefe.

Duk wannan dogon zance, in sayi esi mana in huta.

In da hali saya, ban hana ba, musamman in akwai tsoho ko mara lafiya. Amma ka lissafa. Fankar sama tana cin wat 50 zuwa 75, esi mai doki ɗaya da rabi yana cin sama da wat 1,000 in yana aiki sosai, mitar kamfanin wuta na ECG kuwa bata jin Allah ya isa. Ɗakin da rufinsa ke gasuwa, esi baya hutawa. Gyara rufin da tagar yamma tukunna, sai ka ga ƙaramin esi ya isheka, nan ma lissafin kwamfuta ke amfani, yana faɗa maka girman da ɗakin ke buƙata maimakon mai shago ya zaɓa maka. Duba takardar taurarin nan ta Hukumar Makamashi a jiki, mai taurari da yawa ya fi tsimin wuta, ka saita shi a 25 ko 26 ka haɗa da fanka, ba 16 ba ka lulluɓa da bargo.

Kuma wanda ya ga dumsor, wato yawan ɗauke wutar nan na 2014 da 2015, ya san gidan da ba zai zaunu ba sai da wuta tarko ne. Ni duk lissafin da zan yi sai na sake shi sau ɗaya da esi da fanka a kashe, in ga me zai faru da mutanen ciki.

Kula mai ruwan nan da ake zubawa ƙanƙara fa?

A Accra a'a, iskar dama cike take da laima, ƙara mata zaka yi. A arewa ko tsakiyar hunturu tana aiki.

Kwamfutar bata ƙarya?

Abinda aka bata take dafawa. In na ce mata tagogi a buɗe suke duk dare alhali ana rufewa saboda ɓarayi da warin kwata da ƙarar janareto, zata nuna min ɗaki mai daɗi wanda babu shi a duniya. Fayil ɗin yanayin ma daga filin jirgin sama ake ɗaukarsa, kuma duk da filin ba nisa da Nima, can fili ne buɗe iska na wasa, nan kuwa kwano ne manne da kwano, lungu ƙafa huɗu, siminti ko'ina, sai an rage ƙarfin iskar a lissafi in ba haka ba an yaudari mai gida. Sannan fayil ɗin shekarun baya yake kwatantawa, gidan kuma shekara 50 zai yi a gaba, zafi kuwa ƙaruwa yake, kowa ya tuna Fabrairun 2024 yadda aka sha a duk gaɓar tekun nan daga Najeriya har Saliyo. Dan haka nakan gwada da yanayi mai zafi fiye da na yau.

In wani ya ce maka ɗakinka zai zama 29.4 daidai, yi murmushi kawai. Ƙarfin abin a kwatance yake, wannan zanen ya fi wancan, wannan gyaran ya fi wancan riba a kan kowace sidi.

Kowane gida sai an yi masa? Wa zan nema, nawa ne?

A'a. Ɗaki biyu da falo a fili buɗe, in ka bi abinda na faɗa kan rufi da inuwa da taga biyu, baka buƙatar kwamfuta. Inda ya cancanta shine bene mai ɗakunan haya da yawa, makarantar islamiyya, masallaci, asibiti, gida mai gilashi da yawa, ko fili matsattse da aka kewaye ta ko'ina. Kuɗin ya danganta da girman ginin da yawan gwaji, amma ka yi shi tun zane na takarda, in an riga an zuba linta rabin maganin ya wuce.

Nemi akitek ko injiniya mai rajista ka tambaye shi kai tsaye wace manhaja yake amfani da ita, wane fayil ɗin yanayi, kuma ya nuna maka sakamakon ɗakin kwana da dare. Sashen zanen gine-gine na jami'ar KNUST da ke Kumasi yana yaye matasa da suka iya wannan. Ghana tana da kundin ƙa'idar gini, GS 1207 na 2018, da sashen tsimin makamashi a ciki, manyan gine-gine kuma wasu na neman shaidar EDGE ta IFC, wani reshe na Bankin Duniya, wadda ke buƙatar rage wuta da ruwa da kashi 20 cikin 100. Famit dai daga Asambili ake karɓa kamar kullum.

Zan iya auna ɗakina da kaina?

Sosai. Sayi ƙaramin ma'aunin zafi da laima guda biyu, ɗaya a ɗaki daidai tsayin gado nesa da bango, ɗaya a waje cikin inuwa. Rubuta abinda suka nuna da asuba, azahar, la'asar da bayan isha'i har sati guda. In da azahar ciki ya fi waje sosai, rufi ne. In da la'asar yake hawa, duba yamma. In da asuba waje 25 ciki 30, iska ce bata ratsawa, bango kuma ya ƙoshi da zafi. Wannan takardar in ka kawo min ta fi min dogon bayani.

Mu a Kumasi muke, Aboabo. Duk ɗaya ne?

Kusan. Ku kuna kan tudu, sama da mita 200, darenku ya fi namu sauka da digiri biyu ko uku, dan haka buɗe ɗaki da dare ya fi biyanku, amma baku da iskar teku da la'asar, ruwan samanku kuma ya kusa ninka namu, to rumfar taga da dogon bakin kwano a wajenku riba biyu ce. A yi lissafin da fayil ɗin Kumasi, kar a ɗora na Accra.

Yaushe zafi ya tashi daga damuwa ya zama na asibiti?

In mutum ya fara jiri, ciwon kai mai tsanani, amai, fitsari ya koma kaɗan mai duhu, a fitar da shi inuwa a jiƙa masa jiki a bashi ruwa ko ORS yana kurɓa. In ya rikice yana sambatu, ko ya suma, ko jikinsa yayi zafi ƙwarai, a kira 112 ko a garzaya asibiti, ana tafiya ana zuba masa ruwa ana fifita, kuma wanda baya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki. Jarirai da tsofaffi da masu juna biyu da masu hawan jini ko ciwon ƙoda su aka fi ji wa, kuma su ne ke wuni a ɗaki lokacin da kowa ya fita nema. 'Yan shekarun nan azumi yana faɗowa a tsakiyar zafin, to in akwai tsohuwa a gida, da azahar a fito mata da tabarma baranda ko gindin bishiya, kar a barta ƙarƙashin kwano. Mai jego kuma a rage wa jariri hula da safa da tawul uku, Hajiyoyi ku yi haƙuri, a watan Maris riga ɗaya mara nauyi ta ishe shi.